Yadda Ake Binciken Dalma da Jan Ƙarfe a Ruwan Shan Gida

Yawancinmu da ido muke yi wa ruwa hukunci. In an ɗebo a moɗa aka ga ya yi garau, ba laka ba wari, sai a kafa kai. Ita kuwa dalma ba ta sauya launin ruwa, ba ta da wari, harshe ma ba ya jin ta. Ruwan da ke ɗauke da ita yana iya fin na leda kyan gani.

Mu a Arewa mun san abin da gubar dalma ke yi. A shekarar 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, irin su Dareta da Yargalma da Abare, yara fiye da 400 suka rasu. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. A can, ƙurar dutsen zinare da ake dakawa a tsakar gida ce babbar hanyar gubar. Ta ruwan famfo kuwa a hankali take shiga, yau kaɗan gobe kaɗan, ba suma ba jijjiga, sai dai yaro ya taso da ƙarancin jini, ko karatu ya riƙa yi masa nauyi ba a san dalili ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma cikin yaro yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da cikin babba zai tsotsa.

Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne: galibi ruwa ba ya fitowa daga ƙasa da dalma ko jan ƙarfe mai yawa. A hanya yake kwasar su, daga bututu, da mahaɗai, da kan famfo. Wani bincike da masana daga Jami'ar Arewacin Karolina ta Amurka suka wallafa a 2021, kan famfunan karkara a Ghana da Mali da Nijar, ya samu dalma ta wuce ƙa'ida a kusan kashi 9 cikin 100 na samfuran ruwan, kuma ya danganta ta da kayan famfunan kansu, musamman na tagulla. Saboda haka takardar gwajin da mai haƙa rijiyar burtsatse ya miƙa maka ranar da ya gama aiki ba ta gaya maka halin ruwan da ke zuba a madafarka ba.

Mataki na farko: bi ruwan da ƙafarka

Kafin ka kashe ko sisi, ɗauki maganaɗisu ƙarami da makulli, ka bi hanyar ruwan tun daga inda ya shigo gida har inda ake ɗiban na sha.

Duk bututun ƙarfen da ka tarar, ka ɗan karce shi da makullin a wurin da ba mahaɗa ba. In ya nuna ja irin launin tsohon kwabo, jan ƙarfe ne. In toka-toka ne mai tauri kuma maganaɗisu ya manne masa, bututun ƙarfe ne mai rufin tutiya, wanda masu gyaran famfo ke kira GI. Wannan ya cika tsofaffin gidajen gwamnati da tsofaffin unguwanni, kuma rufin nasa kan ƙunshi dalma, tsatsar cikinsa ma tana tara ta. In kuwa ya karcu cikin sauƙi, wurin ya yi ƙyalli kamar azurfa, maganaɗisu kuma ya ƙi kama shi, to dalma ce zalla. Kada ka jira gwaji, a daina sha daga wannan layin.

Gidajen yanzu yawanci bututun roba ne, sai mai gida ya ɗauka ya tsira. A duba kan famfon. Mafi yawan kawunan famfo masu ƙyalli, da makullan ruwa, da mahaɗan da ke bakin tanki, tagulla ce aka lulluɓe. Tagulla haɗin jan ƙarfe ne da tutiya, ana kuma zuba mata dalma don ta yi sauƙin sassaƙa. A Amurka ma, har zuwa 2014 doka ta yarda kayan famfo su ƙunshi dalma har kashi 8 cikin 100 a kira su marasa dalma. Daga nan ne aka sauko da shi zuwa 0.25. To ina ga kan famfon da aka saya a buhu a kasuwa, ba suna ba takarda?

Sai ma'aji. Duron da ake tara ruwa, me aka taɓa zubawa a ciki? An yi masa fenti ta ciki? Jarkokin mai garuwa daga wane famfo ake cika su? In ruwan sama ake tara, wane irin kwano ne a rufin, kuma fentin me ke kansa? In rijiya ce, akwai masu fasa tsohon batirin mota a kusa, ko masu wankin ƙasar zinare?

Jan ƙarfe shi yana da ɗan kirki, don yakan bar shaida. Tabo shuɗi mai ratsin kore a kwamin wanke hannu ko ƙarƙashin famfon da ke ɗiga, da ɗaci irin na ƙarfe a ruwan safe, alamunsa ne. Ruwa ba ya tsami banza. A gidajenmu an fi samun bututunsa a layin hita, kuma sabon bututu ya fi tsoho zubar da shi.

Rubuta abin da ka gani a takarda. Da ita za ka san inda za ka ɗebi samfur.

Mataki na biyu: nemi ɗakin gwaji tun kafin ka ɗebi ruwa

A nan mutane da yawa ke asarar kuɗinsu. 'Yar na'urar nan mai kama da biro da masu tallan matatar ruwa ke tsomawa a kofi, jimillar gishirin da ya narke a ruwa take aunawa, ba ta san dalma ba. Tsinken gwaji da ake saya a kwali yana iya ba ka ishara, amma amsarsa "akwai" ko "babu" ce kawai, kuma ba ya ganin ɓarɓashin dalmar da bai narke ba. In ya ce akwai, ka ɗauka da gaske. In ya ce babu, kada ka saki jiki.

Wuraren tambaya sun haɗa da hukumar ruwa ta jiharku, da hukumar RUWASSA mai kula da ruwan karkara, da Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando a Kaduna, da sassan kimiyyar sinadarai na jami'o'i. A Yamai akwai ɗakin gwaji na ƙasa, LANSPEX. A Ghana akwai hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasar.

Ko ina ka je, yi wa ma'aikacin tambaya ɗaya cikin ladabi: "Malam, mene ne mafi ƙanƙantar adadin dalma da na'urarku ke iya gani?" Ƙa'idar dalma a ruwan sha ita ce kada ta wuce maikrogiram 10 a lita ɗaya. In na'urarsu ba ta gani sai abu ya kai 50 ko 100, za ta iya ce maka ba ta ga komai ba alhali ruwanka ya ninka ƙa'ida sau uku. Na'urar auna ƙarfe da ake kira AAS, irin mai aiki da harshen wuta, wadda ita ce aka fi samu, ta wadatar wajen auna jan ƙarfe, amma ga dalmar ruwan sha ba ta da kaifin ido sai an yi wa samfurin wani aiki na musamman. Abin nema shi ne AAS mai murhun girafait, ko wata na'urar da ake kira ICP-MS, waɗanda ke gani har ƙasa da maikrogiram 1 ko kusa da haka.

Ka kuma gaya musu jimillar dalma kake so, da wadda ta narke da wadda take ɓarɓashi, don kada su tace ruwan kafin su auna. Ciki ba ya tacewa. Abin da aka haɗiye, asid ɗin ciki zai narkar da shi. Sannan ka roƙi kwalabensu na roba da suka wanke da asid, masu faɗin baki. In ba su bayarwa, tambaye su ko za su karɓi robar ruwan kwalba sabuwa da aka juye yanzu. Robar da ta taɓa ɗaukar lemo ko zoɓo ko magani ba ta shiga wannan aiki.

Mataki na uku: bar ruwan ya kwana

Wannan shi ne zuciyar aikin. Ruwa yana narkar da ƙarfe ne lokacin da yake kwance a bututu, don haka samfurin gaskiya shi ne ruwan farko da ya fito bayan aƙalla awa 6 ba a taɓa famfo ba. Haka dokar dalma da jan ƙarfe ta Amurka, wadda aka kafa a 1991, ta tsara, kuma tsari ne da ya dace da kowane gida.

A gidan Bahaushe, abin da ke ɓata wannan samfur shi ne alwalar asuba. Wanda ya riga kowa tashi zai murɗa famfo ya cika buta, shi ke nan ruwan da ake nema ya bi rariya. Don haka tun bayan isha'i a cika butoci da bokiti, a ajiye na banɗaki, a sanar da kowa har yara. Ni tsumma nake ɗaurewa a kan famfon, in ɗora kwalbar a gefensa, don ko mai magagin barci ya gani ya tuna. Ba famfon madafa kaɗai ba, duk famfunan gidan za a bari, har abin jan ruwan masai, tun da bututu ɗaya ne ke ciyar da su.

Abubuwa uku ne ba a yi. Ba a sakin ruwa da daddare da niyyar wanke bututu. Ba a kwance 'yar rariyar da ke bakin famfo. Ba a kuma ɗiba a siririn zuba. Dalilin da ya sa nake nanata su shi ne abin da ya faru a birnin Filint na jihar Mishigan a Amurka. A Afrilun 2014 aka sauya wa birnin mashaya zuwa kogin garin ba tare da zuba maganin hana cin bututu ba, dalma ta malalo cikin gidaje, amma gwaje-gwajen hukuma suka yi ta nuna lafiya lau. Cikin dalilan har da yadda ake ɗibar samfurin: a saki ruwa tun dare, a yi amfani da kwalba mai ƙaramin baki da ba ta cika sai a hankali. Sai da masu bincike da ba na hukuma ba suka auna da kansu, likitar yara Mona Hanna-Attisha kuma ta nuna a Satumban 2015 cewa dalmar jinin yara ta hau, sannan aka yarda. A 2016 hukumar kare muhallin Amurka ta ce a bar waɗannan dabi'u. Wanda ya ɗebi samfur ta hanyar da za ta ba shi amsa mai daɗi, kansa ya yaudara.

Gidan da aka rufe makonni ba a ciki kuma ba ya ba da hoton yau da kullum. A zauna a yi amfani da ruwa kwana biyu tukuna.

Mataki na huɗu: ɗibar samfur

Da asuba, wanke hannunka da ruwan buta. Buɗe kwalbar ba tare da ka taɓa cikin murfin ba, kuma kada ka ɗauraye ta da ruwan famfon. Sa ta a ƙarƙashin famfon ruwan sanyi tun kafin ka murɗa, don ɗigon farko ma ya faɗa ciki. Murɗa kamar yadda uwargida ke yi in za ta cika tukunya. Cika lita ɗaya, rufe. Wannan kwalba ta ɗaya. In kan famfon kawai kake zargi, kwalbar mililita 250 ta fi tona shi, don ruwan baya ba zai sirka shi ba.

Bar famfon yana zuba cikin bokiti kamar minti biyu zuwa uku, sannan ka cika kwalba ta biyu. Ta uku kuma daga tushe: bakin bututun burtsatse kafin ya shiga tanki, ko famfon da ya fi kusa da inda ruwan gwamnati ya shigo. In daga randa ko duro ake sha, ɗebi ta huɗu daga can da moɗar da aka saba.

In famfon tuƙa-tuƙa ne na unguwa, a yi magana da mai unguwa ko kwamitin famfon, a je kafin mata su fara layi. Tuƙin farko kwalba ɗaya, bayan an cika bokiti biyu ko uku kuma kwalba ta biyu. Kuɗin gwajin in an yi karo-karo ba zai yi wa kowa nauyi ba.

A jikin kowace kwalba rubuta lamba, wuri, rana, lokaci, da awa nawa ruwan ya kwanta. Ajiye su a inuwa, ka kai da wuri. Ma'aikatan ɗakin gwajin ne za su zuba asid ɗin naitirik da ke hana ƙarfen mannewa a jikin roba, kuma ana so a yi haka cikin kwana 14. Kada ka nemi asid ka zuba da kanka. In kuɗi bai kai na huɗu ba, ta ɗaya da ta biyu su ne ba a bari.

Mataki na biyar: karanta takardar

Lambobin suna zuwa da ma'auni iri biyu, kuma nan ake rikicewa. Miligiram 0.01 a lita daidai yake da maikrogiram 10 a lita, wanda wasu ke rubutawa ppb 10. Wannan shi ne iyakar dalma a ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, shi ne kuma a ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya. In takardarka ta nuna 0.05 a miligiram, kada ƙanƙantar lambar ta ruɗe ka, ninki biyar ne na iyaka. Ita kanta goman ba katangar lafiya ba ce, abin da ake iya aunawa da cim ma ne. Shi ya sa Tarayyar Turai ta tsara saukowa zuwa 5 nan da 2036. Gidan da ke da jariri ko mai juna biyu, ko 5 aka gani a tashi tsaye.

Jan ƙarfe kuwa jiki yana buƙatar ɗan kaɗan daga cikinsa, yawansa ne ke sa tashin zuciya da amai da gudawa, in ya daɗe kuma ya taɓa hanta. Iyakarsa miligiram 2 a lita a wurin Hukumar Lafiya ta Duniya, 1.3 a Amurka, 1 a Nijeriya. Jarirai da masu ciwon hanta na gado da ake kira cutar Wilson sun fi kowa rauni a kansa.

In ka ga an rubuta ND ko BDL, ma'anarsa na'ura ba ta gani ba. Koma kan tambayar nan ta mataki na biyu: ba ta gani ba daga nawa?

Yanzu jera kwalaben. In ta ɗaya ta hau, ta biyu ta sauka, laifin yana kusa, a kan famfo ko mahaɗan da ke bayansa, kuma wannan ne mafi sauƙin gyara. In duka biyun sun hau amma ta tushe lafiya, a duba dogon bututu da tanki. In ta tushe ma ta hau, matsalar tana cikin rijiyar, ko injinta, ko layin gwamnati, kuma ta shafi maƙwabta. A sanar da su, a kai takardar hukumar ruwa. In ta randa ce kaɗai, a sauya ma'aji.

Ka roƙa su auna maka tsamin ruwan ma, wato pH. Ƙa'ida daga 6.5 zuwa 8.5 ce. Ruwan da ya gaza 6.5 yana cin ƙarfe, kuma duk kan famfon tagullar da ka sa masa zai ci.

Mataki na shida: abin yi daga yau

Tafasawa ba ta cire dalma. Ruwa ne ke tafiya a tururi, ita tana nan, har ma ta ƙara kauri. Alif yana kwantar da laka, maganin kulorin yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba a dogara da ko ɗaya a kan ƙarfen da ya narke. Wannan ya fi damuna game da masu jego, don uwa za ta tafasa ruwan safe ta dama wa jariri madara ko koko, zuciyarta a kwance cewa ta yi abin da ya kamata.

Kafin a yi gyara, kowace safiya a saki famfo gwargwadon abin da kwalba ta biyu ta nuna yana isa, a tara ruwan a yi wanki ko goge ɗaki da shi. Wanka da wanki ba matsala, fata ba ta shan dalmar ruwa wani abin kirki, sai dai a kula kada yaro ya haɗiya. Sha da girki da ruwan sanyi kawai, ban da na hita, don zafi yana ƙara narkar da ƙarfe. Yanzu da an gama ɗibar samfur, kwance 'yar rariyar bakin famfon ka juye ta a farar takarda. Za ka ga yashi da tsatsa da ƙananan ɓarɓashi masu ƙyalli. Wanke ta da tsohon buroshi duk bayan 'yan watanni.

Gyara na dindindin shi ne cire tushen. Kan famfo na baƙin ƙarfe marar tsatsa, ko mai shaidar cewa ba dalma, a maimakon tagullar da ba a san asalinta ba. Tsohon GI a fitar da shi gaba ɗaya, don yanke rabi a bar rabi yana girgiza tsatsa ya ƙara dalma na wani lokaci. Bayan kowane aikin famfo a cire rariya a saki ruwa sosai. In matata za ka saya, nemi hatimin inganci na NSF/ANSI 53 da ya ambaci dalma ƙarara, ko 58 na na'urar da ke matsa ruwa ta cikin fata mai tsananin laushi, kuma a sauya cikinta a kan lokaci. Ruwa mai tsami ana ratsa shi ta cikin tankin tsakuwar farar ƙasa don ya daina cin bututu.

In sakamakon ya wuce ƙa'ida, a kai yara 'yan ƙasa da shekara 6 da masu juna biyu a auna dalmar jininsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga maikrogiram 5 a desilita ɗaya na jini a nemo tushen a toshe shi. Maganin fitar da dalma daga jiki aikin likita ne kaɗai. A gaya wa likitan har tozalin da ake sa wa jariri da tukwanen da aka zuba da tarkacen ƙarfe, don su ma hanyoyi ne. Yaron da jikinsa ke ƙarancin sinadarin ayon mai ƙara jini da kalsiyam ya fi tsotsar dalma, don haka wake da zogale da nono da ƙwai suna da amfani a nan.

Mataki na bakwai: maimaitawa

Dalma a famfo tana hawa tana sauka, gwaji ɗaya hoton safiya ɗaya ne. Sake aunawa makonni kaɗan bayan gyara don ka tabbatar ya yi aiki. Sake yi duk lokacin da aka sauya injin rijiya, ko tanki, ko kan famfo, ko aka ji hukumar ruwa ta sauya mashaya, ko aka samu juna biyu a gidan. Mai rijiya ya auna sau ɗaya da damina, sau ɗaya da rani a shekarar farko, don ruwan ƙasa yana sauya hali da yanayi. Takardun sakamakon a haɗa su da zanen hanyar ruwan nan na mataki na farko a leda ɗaya, a rubuta sunan na'urar da aka yi amfani da ita a kowane gwaji, don na baɗi ya yiwu a gwama shi da na bana.